Goskolo a jikin katangarmu, dattawan coci sun yi gum

Yau kwana uku ke nan ina wanke amai a bakin ƙofata kafin yara su fita makaranta. Ba kuma na 'yan gidana ba ne, na masu zuwa rumfar goskolo ne, wato barasar haɗin gida, da aka kafa a jikin katangarmu, a nan Jos. Tun ƙarfe shida na safe ake cika benci. Masu Keke Napep su tsaya su kora kofi ɗaya, su goge baki, su ɗebi 'ya'yan mutane zuwa makaranta. Da dare kuwa ashar da faɗa da fitsari a kwatarmu, har wari ya hana mu cin tuwo a tsakar gida.

Ɗan maƙwabciyata, yaron da muke tafa wa hannu in yana buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, ga shi can kwance, ciki ya kumbura, ƙafafu sun haye, idanu jawur. Likita ya ce hanta ce. Bai kai talatin ba!

Mu matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, mun je wurin mai unguwa, ya ce mu rubuto. Muka rubuta, muka kai ofishin da ya ce. Aka zo da mota ranar wata Talata, aka kwashe jarkoki, kafin Juma'a rumfa ta dawo, har da sabon kwano a kanta. Wa aka gani, me aka ba shi, Allah ne masani. Ga kuma giyar leda a teburin mai alewa, wadda kuɗin tara na ɗan firamare ya isa ya saya. Tun 2018 aka ba masu yin ta wa'adin shekara biyar su daina, a farkon 2024 aka ce an hana, sai aka yi ta ɗage rana.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar amsar da muka samu a majami'armu ba. Wani dattijo, da girmansa da furfurarsa, ya ce mana, "'Ya'yana, ku bar mai rumfar nan da addu'a, ita ma abinci take nema." Na ce, "Baba, mu da take ci da 'ya'yanmu fa?" Sai ya shiga duba agogo. Kowa ya san dalili. Ranar godiyar kaka mai rumfar ce ta kawo buhun shinkafa biyu, aka kira sunanta a lasifika, aka yi guɗa. Mashayi kuwa kowace Lahadi shi ne abin wa'azi, shi ake sa wa horo, shi ake hana wa jibin Ubangiji. Bakin da ya ci dai, an ce, ba ya iya tsawa.

Su Baba sun manta cewa magabatansu da mai sayarwa suka yi kokawa. A shekarun 1880 Etsu Nupe Maliki, Musulmi, ya aika wa Bishop Ajayi Crowther saƙo yana kuka cewa barasa ta ɓata masa ƙasa, a roƙa masa Sarauniyar Ingila ta hana kawo ta. Bai aika wa bishop don ya yi shiru ba. Bishop Tugwell ya shafe shekaru yana faɗa da cinikin giyar jin a Legas, lokacin da gwamnatin Turawa a Kudu ke rayuwa da harajin kwalba. Kwamitin bincike na 1909 ya wanke cinikin, amma dai mutumin ya buɗe baki, ya sha zagi a kai. Matan coci a Hillsboro ta jihar Ohayo a Amurka ma, cikin sanyin Disamban 1873, a ƙofar mashaya suka durƙusa suna addu'a da waƙa har masu giya suka fara rufewa. To, in addu'a Baba yake so, irin wannan za mu yi.

Asabar mai zuwa, ƙarfe biyar da rabi na asuba, za mu fito da zanen Zumunta da tukwanen kiɗanmu, mu zauna a kan bencin nan kafin mashaya su iso. Matan Musulmi na layin baya sun ce da su za a yi, don nasu 'ya'yan ma can suke ɓuya. Uwar yaron nan mai ganga ta ce ko da rarrafe za ta zo. Baba, mun ajiye maka kujera a gaba.