Wa ya buɗe wa dodon ƙofa?

Ƙannena samari da 'yan mata, masu kwana da waya a hannu, yau da ku nake. Kafin wani ya ce ga wani dattijo ya zo hana mu kallo, bari in faɗa muku ni ma ɗan hannu ne. Fina-finan ban tsoro na sararin samaniya, irin waɗanda ake kulle mutane a cikin kumbo a saki wani abu yana bin su ɗaya bayan ɗaya, tun zamanin kaset nake kallonsu, lokacin da sai an je shagon haya an karɓo, a mayar washegari ko a biya tara. Har gobe in sabo ya fito ba ya wuce ni. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ɓarna ce da na yi da hannuna a hutun makarantar da ya wuce.

Ɗan yayata, shekararsa bakwai, ya zo mana hutu. Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya kori kowa daga ɗaki, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna Alien a waya, na farkon nan na 1979 wanda Ridley Scott ya ba da umarni, fim ɗin da na kalla ya fi sau goma. Abin saƙalawa a kunne ya lalace, sai na rage murya na ci gaba. Yaron yana kwance a bayana, ni duk zatona barci yake. Ashe ya ɗago kai ta saman kafaɗata yana bin fim ɗin tun daga farko. Ban ankara ba sai da aka zo wurin cin abincin nan, na ji yatsu sun damƙe rigata ta baya. Bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da na san ta inda zan fara rarrashi.

Ga wanda bai kalla ba, ga yadda labarin yake. Wani kumbon dakon kaya ne mai suna Nostromo, yana kan hanyar dawowa duniya da ma'adinai tan miliyan 20, a cikinsa ma'aikata bakwai da kyanwa ɗaya, duk suna barcin doguwar tafiya. Kwamfutar kumbon ta tashe su saboda ta tsinci wani saƙo daga wani wuri da ba a san da kowa ba. Biyu daga cikinsu, masu gyaran inji, suka ce su fa ba wannan aikin aka ɗauke su ba, a biya su ƙari. Aka tuna musu sharaɗin kwantiragi: wanda ya ƙi zuwa dubawa ya yi asarar kasonsa gaba ɗaya. Suka sauka. Mutum uku suka fita, ɗaya daga ciki mai suna Kane ya leƙa wani ƙwai, wata halitta ta yi tsalle ta manne masa a fuska. Bayan wani lokaci ta sake shi ta mutu, ya farka yana cewa yunwa yake ji, kowa ya yi murna aka zauna cin abinci. A kan teburin nan ne abin da aka dasa masa a ciki ya fasa ƙirjinsa ya fito.

Wannan shi ne abin da yaro ɗan shekara bakwai ya gani ta saman kafaɗata. Washegari aka ajiye masa koko da ƙosai ya ƙi taɓawa. Da rana na same shi a zaure shi kaɗai, tafin hannunsa a kan ƙirji. Ya ce, "Kawu, wani abu yana motsi a nan." Bugun zuciyarsa ne yake ji, abin da bai taɓa lura da shi ba sai ranar. Kwana uku ba ya yarda a kashe fitila, kuma tuwon dare sai an zauna a kansa. Da uwarsa ta ji labari ta waya ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kai da na ba amana." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

To akwai wani wuri a fim ɗin da yawancinmu muke wucewa da sauri don mu kai ga jini, kuma tun ranar shi ne yake ta dawo mini. Lokacin da aka ɗauko Kane da abin a fuskarsa aka zo bakin ƙofar kumbo, wata ma'aikaciya mai suna Ripley ce babba a ciki tunda kyaftin yana waje. Kyaftin ɗin da kansa ya ba ta umarni ta buɗe, ta ce ba za ta buɗe ba, doka ta ce a killace shi na awa 24, in ya shigo da abin da ba a sani ba kowa na iya mutuwa. Abokiyar aikinta tana yi mata ihu, ana kallonta a matsayin mara imani. Sai jami'in kimiyya, Ash, ya je ya danna maɓalli ya buɗe, kamar mai tausayi. Can gaba aka gano Ash ɗin mutum-mutumi ne, kamfani ne ya sa shi a ciki da umarnin sirri: a kawo halittar ko ta halin ƙaƙa, ma'aikatan kuma in sun mutu babu komai. Da ɗan gari kan ci gari. Dodon da duk ake tsoro bai ɓalla ƙofa ba, na ciki ne ya buɗe masa. Cikin mutum bakwai Ripley kaɗai ta tsira, ita da kyanwar.

A tsakar gidanmu a daren nan, ni ne Ash. Kuma ku ma da yawanku kuna wannan aikin kullum ba ku sani ba, domin a mafi yawan gidaje wayar yaya ko ta anti ita ce sinimar yara. Ka dawo daga shagon masu tura fina-finai an cika maka memori da fim talatin, ba ka san rabin abin da ke ciki ba, ƙaninka ya ce "Yaya ara mini in yi gem", ka miƙa ka fita kallon ƙwallo. Waɗanda suka yi fina-finan nan fa ba su ɓoye wa kowa ba. A Amurka Alien yana da alamar R, ma'ana wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sinima ya kalle shi sai da babba. Haka Event Horizon na 1997, haka Life na 2017, haka Alien: Romulus na 2024. Can akwai mai tsaron ƙofa yana duba shekaru. A nan kuwa kafin fim ya iso wayarka an yanke farkonsa, an canja masa suna, wani lokacin an ɗora masa fassarar Hausa mai ban dariya, har ka ɗauka abin wasa ne. Barkwancin mai fassara ba ya goge hoton da ke kan allo. Mai tsaron ƙofar da ya rage kai ne, ko ka yarda ko ba ka yarda ba.

Na san abin da za ku ce: ai fim ne, ai ƙarya ce, mu ma mun kalla muna yara ba abin da ya same mu. Ku ji wannan. Ranar da aka ɗauki wurin cin abincin, 'yan wasan sun karanta labarin, sun san abin zai fito, amma ba a gaya musu yawan jinin da za a watso ba. Veronica Cartwright, wadda ta fito a Lambert, ɗaya daga cikin ma'aikatan kumbon, jinin ya feso mata a fuska, firgitar da kuke gani a fim ɗin ta gaske ce. Babbar mace ke nan, ƙwararriya, tana tsaye ga kyamara ga fitilu ga ma'aikata, ta san komai na roba ne. To ina ga yaron da har yanzu in aka ce masa ga dodo a bayan randa sai ya yarda? Kuma wannan tsoro ya bambanta da na tatsuniya. Dodon tatsuniya yana daji ko bakin rafi, in ka shige ɗaki ka ja mayafi ka tsira. Wannan kuwa an ƙirƙire shi ne ya zauna a cikin jikinka, inda ba mayafin da zai kare ka. Mai zanen da ya tsara siffarsa, H. R. Giger ɗan ƙasar Suwizalan, ya shafe rayuwarsa yana zana mugayen mafarkai. Dabarar ma akwai irinta a bangon ɗakinku: zanzaro ya gina gidan laka, ya kamo tsutsa ya sumar da ita da harbi, ya saka ƙwai ya toshe, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya ci ta da ranta. Su masu fim sai suka sa mutum a matsayin tsutsar.

Kan ku ma kanku ba zan tsawaita ba, kun girma. Sai dai wanda ya gama Event Horizon ƙarfe biyun dare, fim ɗin kumbon da ya ɓace shekara bakwai ya sake bayyana kusa da duniyar Naftun bayan ya leƙa wani wuri da suka siffanta da jahannama, ya san yadda asubarsa take kasancewa. Ni dai na daina kallon irinsa bayan isha'i.

Akwai wata ƙofar kuma da ake buɗewa da yatsa ɗaya. Kwanaki a zauren WhatsApp na danginmu wani ƙanena ya turo guntun bidiyo, wata halitta tana naɗe hannun mutum a ɗakin gwaji na kumbo, an rubuta a sama wai abin da Turawa ke ɓoyewa ne, a yaɗa don a wa'azantu. Kafin in gani gwaggonmu ta riga ta yi salati ta tura wa wasu. Daƙiƙa biyu na gane daga Life aka yanko shi. Da na faɗa, yaron ya ce shi ma turo masa aka yi. Don Allah ku daina. Wa'azi ba ya buƙatar tallafin ƙarya, kuma tsofaffinmu ba su san ana iya haɗa irin wannan hoto da kwamfuta ba, amincewar da suka yi muku ce ta sa suke gaskatawa.

In abin al'ajabi kuke nema, na gaskiyar ya ishe ku. Tallan Alien na farko cewa ya yi a sararin samaniya ba mai jin ihunka, kuma wannan gaskiya ce, domin sauti sai da iska ko wani abu da zai ɗauke shi, can kuwa babu. Duk rugugin injin da kuke ji in kumbo ya gifta a fim, don ku aka saka. A 1971 'yan sama jannatin Tarayyar Sobiyet uku suna dawowa a kumbon Soyuz 11, wani ɗan bawul ya buɗe, iskar ciki ta zuƙe. Kumbon ya sauka lafiya a Kazakistan, aka buɗe aka same su zaune a kujerunsu babu rai. Ba dodo ko ɗaya. Dokar da Ripley ta kafe a kai ma ba ƙirƙirar marubuci ba ce: a 1969 da Neil Armstrong da abokansa biyu suka dawo daga tafiyar wata, duniya gaba ɗaya tana jiran ta yi musu tafi, sai da aka killace su har kwana 21 don gudun ko sun ɗauko wata cuta. Shugaban Amurka Nixon ta bayan gilashi ya gaisa da su. Babu abin da aka samu a jikinsu, kuma ba wanda ya ce an ci musu mutunci.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ku kalla, amma ku san abin da ke cikin memorinku kafin ku ba yaro waya, ku sa wa ma'ajiyar fina-finan mabuɗi, ku waiwaya ku ga wa ke bayanku kafin ku danna. In ƙani ya nace sai ya kalla, ku ce a'a ku jure fushinsa, ba ya wuce yini ɗaya. Za a ce kun cika tsanani, haka aka ce wa Ripley.

Shi kuwa ɗan yayata, a rana ta huɗu na zaunar da shi na nemo masa hotunan bayan fage. Na nuna masa cewa babban dodon riga ce, kuma wanda ke cikinta ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas, ɗalibin zane a Landan, dogo siriri da tsawonsa ya haura mita 2. Tsawon ne ya sa masu fim suka ɗauke shi, bai sake fitowa a wani fim ba har ya rasu a 1992. Akwai hotonsa yana zaune yana hutawa da rigar a jikinsa. Yaron ya daɗe yana kallo, har ya yi 'yar dariya ya ce ashe ma ɗan ƙasarmu ne. Na nuna masa kuma yadda aka yi wa Kane ƙirjin bogi a kan tebur, ɗan wasan yana ƙasa kansa da hannuwansa kawai suka fito, wani yana turo 'yar tsanar ta ƙarƙashi. Ya gyaɗa kai, daren nan ya ci tuwonsa.

Ranar da za a mayar da shi gida, mun fito bakin titi muna jiran a-daidaita-sahu, ya ja hannuna ya sunkuyar da ni ya raɗa mini, "Kawu, amma in na ji yana motsi in gaya wa Umma ko?"