Kadabra ya dawo kati, amma kama Abra ne aiki

Kadabra, ɗaya daga cikin halittun Pokémon, ya koma katunan Pokémon a 2023, bayan Uri Geller, mai wasan dabon da ya kai ƙara a 2000 cewa an kwaikwaye shi da Kadabra, ya sassauta a 2020. Masu tambayar yadda ake samunsa a wasan bidiyo na Pokémon, daga Abra ake farawa, wanda shi ke zama Kadabra. Abra na daji Teleport (dabarar ɓacewa daga faɗa) kawai ya iya, don haka idan ka tsaya rage masa jini, ya ɓace ke nan. Jefa ƙwallon kamawa tun zagayen farko, ko ka sa shi barci in Pokémon ɗinka ya fi shi sauri. A wasannin Pokémon Red da Blue yana Route 24 da 25.

Tun da ba ya duka, sa shi a gaba, ka canza shi da zarar faɗa ya fara, ya samu rabonsa na makin ƙwarewa. A mataki na 16 zai zama Kadabra. Zama Alakazam kuwa, wato siffarsa ta ƙarshe, sai an yi musayar Kadabra da wani ɗan wasa.

Kada saurin Alakazam na 120 ya ruɗe ku, kariyarsa 45 ce kacal. Nau'in Dark ma ko gezau ba ya yi da harinsa na Psychic.