Motar maza

Ni dai burina in riƙa ɗauko buhunan masarata daga kasuwar Giwa ba tare da na yi wa direban kowa magiya ba. Hilux na fita nema a watan Disambar 2021, alhali kuɗin da ke aljihuna ko rabinta ba za su saya ba. Wani dillali a wajen Kwangila ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, Hilux ai ta yara ce, zo ka ga motar maza." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Akori-kura ce ƙirar Amurka ta 2006, mai shan gas, silinda takwas, batir biyu, tayarta har ƙuguna. Sau uku ina zuwa dubawa, kullum da tsakar rana, kullum kuma in tarar inji na ruri. Ya ce motsa mata jini suke yi. Na biya, har da la'ada da tukuici.

A Tudun Wada ta ƙi shiga ƙofar gida, madubi ya tokare dama da hagu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Abba, masara za ka ɗauko ko yaƙi za ka?" A waje ta kwana, awakin maƙwabta suka samu ɗaki a ƙarƙashinta.

Washegari da asuba, ga hunturun Zariya mai fasa leɓe, na murza makulli. Ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Na tara samarin majalisa su takwas, suka tura ta taku goma suna nishi, kafin makanike ya iso ya ce mota ce mai canza giya da kanta, ko unguwa duka ta taru turi ba zai tayar da ita ba. Na gyara murya na ce to ya canza fulogi. Sai da ya zauna a bakin kwata don dariya. Ashe injin gas ba ya aiki da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. In ana sanyi sai 'yan hita sun ɗumama silinda tukuna, nawa kuwa biyu ne ke da rai cikin takwas. Nan na gane irin jinin da ake motsa mata a Kwangila.

Da ta tashi, hayaƙin da ta saki ya sa wata tsohuwa ta fito tana sa albarka, wai gwamnati ta turo masu feshin sauro.

Hitar nan babu a Sabon Gari, babu a Panteka ta Kaduna, babu a Ƙofar Ruwa ta Kano. Daga Ladipo ta Legas aka aiko, bayan mako uku. Ina gama gyara Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. Gas da ma ba shi da tallafi, sai ya tashi daga wajen naira 300 ya haura 700, masu fetur na shan nasu a 165 suna ɗaga min hannu. Zuwa Giwa ɗaya na yi, na lissafa, na ga motar ta cinye ribar masarar har da ta waken da ban sayo ba.

Na sa ta a kasuwa. Allah Ya yafe min, ni ma na koyi motsa jini. Mai saye na farko, wani dattijo daga Funtuwa, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ce, "Ɗana, zan dawo bayan sallar asuba." Har yau ina jira.

Dole na koma wa dillalina. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce la'ada dai kamar wancan karon. Ina zaune a benci ya kawo wani matashi mai sabuwar shadda, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Alhaji, Hilux ai ta yara ce." Ya yabi injin, ya yabi tayar, ya rantse mai ita bai taɓa kai ta gareji da kansa ba, wanda gaskiya ne, janyo ta ake yi. Yana cikin bayani na ji zuciyata ta fara karkata, har na matso na tambaye shi nawa ne gaskiyarta.