Kifin Kainji a bakin gaɓa ake kashe shi

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Yawuri ya san banda ta canja. Ƙananan gargaza da 'ya'yan faliya waɗanda ba su kai tafin hannu ba sun cika kwanduna, babban giwan ruwa kuwa sai an yi sa'a. Masunta na cewa ruwa ne ya ƙi. A ganina ba ruwa ba ne, idon raga ne da wurin da ake jefa ta.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, rayuwar kifin tafkin ta dogara da hawa da saukar ruwa. Farin ruwa na shigowa daga Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman yankinmu. Baƙin ruwa kuma na isowa wajen Disamba, bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini ta cikin Mali. Idan ruwa ya hau, yakan rufe ciyawar bakin gaɓa, musamman burugu, kuma nan ne gidan haihuwa. Bargi na yin sheƙa a ciki, gargaza na haƙa rami a yashi ta goyi ƙwanta a baki, ƙananan kifi na ɓuya daga tsage da giwan ruwa har su yi ƙwari.

To, daidai wannan wuri ake jan dala, wato doguwar ragar da ake kewaye ruwa da ita a jawo ta zuwa gaɓa. Ragar dala idonta kamar gidan sauro ne, an yi ta don warangi, wanda ko ya tsufa bai wuce tsawon yatsa ba. Ba laifi a kama warangi, yana da saurin hayayyafa. Matsalar ita ce dala ba ta tantancewa: tana share ƙasa, ta rushe ramukan gargaza, ta kwaso 'ya'yan faliya da kawara da giwan ruwa, a shanya su tare a sayar da mudu. Kifin da zai kai kilo ashirin an sayar da shi yana gram biyu! Haka masu yanke burugu su kewaye da raga, da masu jera gurar Mali, wato tarkon kifi, su tare bakin rafi ruf. Masu zuba gubar gamalin a ruwa kuwa ba masunta ba ne, ban ma sa su a lissafi ba.

Doka ai akwai. A shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, jihohin Neja da Kebbi sun haramta dala, aka kuma sa inci 3 a matsayin ƙaramin ido na ragar kalli, wadda ake kafawa kifi ya maƙale a idonta. Hikimar ita ce kifi ya samu ya hayayyafa ko sau ɗaya kafin ya shiga raga. Amma je ka duba jirage, ragar da yatsa ɗaya ko biyu ke cika idonta ta fi yawa.

Dalili kuwa bashi ne. Dillali ya ba masunci raga da man inji, kullum yana jiran kwando. Wanda ya koma inci 3 shi kaɗai zai yi watanni yana fitowa da kaɗan, maƙwabcinsa na kwashe ƙananan da ya bari. Wa zai yarda? Shi ya sa ƙwace raga kawai ba ya aiki, washegari an ɗinko wata.

Abin da zai yi aiki shi ne gari guda ya sauya tare. Sarkin ruwa ya keɓe lungu ɗaya ko biyu masu burugu, a hana kamun kifi a ciki daga Agusta zuwa Oktoba. A karɓi tsohuwar raga a ba da mai inci 3, a biya kaɗan-kaɗan. Mai son warangi ya koma atalla, wadda ake ɗagawa ba ta taɓa ƙasa. Sannan a bi ta kasuwa, domin ya fi sauƙi a tsare kwando a kasuwannin kifi na Yawuri da Malale fiye da a bi dubban jirage cikin dare.