Samari, a daina ce wa mutum "barbarar yanyawa"

Makon jiya da daddare ina zaune a teburin mai shayi kusa da kasuwar Wunti, wani saurayi ya tsaya sayen burodi. Fari ne tas, gashinsa a kwance, Hausarsa kuwa irin tamu ta Bauchi. Mahaifinsa ɗan garin nan ne, ya je karatu Rasha ya auro mahaifiyarsa a can. Yana ba da baya wani ya ce, "Ka ga barbarar yanyawa." Na kusa da shi ya gyara masa, wai hafkas ake cewa, na uku ya ce ruwa biyu ta fi daɗin ji. Aka yi ta musu har shayi ya huce, ba wanda ya tuna yaron nan an yanka masa rago.

Ƙannena, barbara ta dabbobi ce. Bunsuru ke barbarar akuya, yanyawa kuma wata 'yar dabbar daji ce. In ka jefa wa ɗan halal wannan kalma, iyayensa ka zaga, ko da wasa kake nufi. Turawa ma suna da irinta, mulato, wadda masana harshe da yawa ke danganta asalinta da alfadari, ɗan jaki da goɗiya.

Hafkas ɗin da kuke ɗauka wayewa ce, a nan ba a cika jin zafinta ba, wasu ma yabo suke ɗaukarta. Amma faɗe ta a Ingila ka ga yadda fuskoki za su canja, don ma'anarta mai rabin asali. Kowace ƙasa da tabonta. A Afirka ta Kudu dokar 1950 ta kasa jama'a gida-gida bisa launi, har yau akwai al'umma guda ta masu gaurayen asali da ke kiran kanta Kalad ba tare da jin komai ba, alhali a Amurka kalmar nan cin fuska ce. A Amurkan sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana auren baƙi da fari, sai a ƙidayar 2000 aka bar mutum ya zaɓi launin fata fiye da ɗaya.

Ruwa biyu ta fi sauƙi, ni ma ina amfani da ita idan bayani ya kama. Bayani daban, kira daban.

Mu da muke da Suratul Hujurat, inda Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba, me ya kai mu? Abu Zarri, babban sahabi, ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ta fuskar doka ma, tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne a matsayin ɗan ƙasa tun haihuwa.

Shekaranjiya na sake gamuwa da saurayin a bakin masallaci, muka gaisa. Na tambaye shi wacce kalma ya fi so a cikin ukun. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, in ka san sunana ka kira ni da shi. In ba ka sani ba, ce mini Malam, zan waiwayo."