Nutsa nama a fomalin ba shi ne kamuwarsa ba

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar naman da aka cire a tiyata ya nutse a fomalin, wato ruwan maganin da ake adana nama a ciki kafin a yi gwajinsa, shi ke nan ya tsira daga lalacewa. Ba haka ba ne. Fomalin yana ratsa nama ne a hankali, kusan milimita 1 a awa, kuma saurin yana raguwa yayin da yake shiga ciki. Idan aka jefa mahaifa guda a bokiti, bayanta zai yi tauri, cikinta kuwa yana can yana ruɓewa, balle a lokacin zafi.

A ƙarƙashin madubin likita abin yake bayyana: tsakiyar ƙwayoyin halitta ta yi fari-fari, ba ta kama shuɗin rinin hematoksilin ba, iyakokin ƙwayoyin sun narke, rinin iyosin ya shafe komai da ruwan hoda. Babu rinin da zai gyara wannan, kuma mara lafiya ne ke asara, don wani naman ba a sake samunsa.

Don haka a tsattsaga babban nama, tazarar santimita 1 tsakanin yanka da yanka, tun sa'ar da aka cire shi. Fomalin ya zama na kashi 10 cikin 100, wato awo 1 na fomalin da ba a sirka ba a awo 9 na ruwa, kuma yawansa ya ninka girman naman sau 10 aƙalla. Yankin da za a sa a kaset, wato ɗan akwatin robar da ake sarrafa naman a ciki, kada ya wuce milimita 4 kauri, ya samu awa 6 zuwa 24 a fomalin kafin a kai shi giyar da ke tsotse ruwansa da kakin farafin da ake daskarar da shi a ciki don yankawa.

Kwalbar ma ta zama mai faɗin baki, domin naman yana shiga da laushi, amma da tauri yake fitowa.