Surutun irin GMO: An bar jaki ana dukan taiki

Tun da aka saki masarar TELA, wadda irin GMO ce, wato irin da masana suka sauya wa ƙwayar gado, ga manoma a watan Janairun 2024, saƙonnin murya ba su daina yawo a WhatsApp ba. Wai irin yana hana haihuwa. Wai wanda ya ci tuwonsa jininsa zai sauya. Wai gonar da aka shuka shi sau ɗaya ba za ta ƙara karɓar wani iri ba. Da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba, don wayar hannu ta saba da irin wannan. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda Majalisar Wakilai, a watan Mayun 2024, ta nemi a dakatar da shigo da irin GMO har sai an yi bincike, kamar ba Majalisar Tarayya ce ta yi dokar 2015 da ta kafa NBMA, hukumar da ke sa ido kan irin GMO, domin ta riƙa yin wannan binciken ba. Daga nan kuma sai masu digiri, har da waɗanda ake kira dokta, suka shiga rediyo suna maimaita abin da ɗan aji huɗu na sakandare da ya saurari malaminsa na bayoloji zai ji kunyar faɗa.

To bari mu koma ajin. Jikin mutum, da na akuya, da na wake, duk ginin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarni a rubuce da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Na mutum ya kai haruffa biliyan 3, a naɗe cikin ƙunshi 23 daga uwa, da irinsu daga uba. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutun da ke faɗin yadda za a ƙera furotin guda, kuma mutum yana da irinsu wajen 20,000. Haruffan nan huɗu su ne dai a jikin wake, da masara, da kifi, da bakteriyar da ke cikin ƙasar gonarka. Tsarin jera su ne ya bambanta.

Saboda haka duk wanda ya taɓa cin abinci ya ci DNA. Yana cikin alayyafo, yana cikin tsire, yana cikin ƙosai. Ciki da hanji suna daddatsa shi kamar yadda suke daddatsa sauran abinci, jiki ya ɗauki ɓarɓashin ya yi nasa ginin da nasa umarnin. Shekara nawa muna cin naman rago da layya, wa ya taɓa fitar da ƙaho? Wanda yake cewa ƙwayar gado ɗaya da aka ƙara wa wake za ta tsallake tukunya, ta tsallake ciki, ta shiga maniyyi ko mahaifa ta zauna, sai ya fara yi mana bayanin abin da ya hana dubban ƙwayoyin gadon waken kansa yin haka tun zamanin kakanni.

Akwai abu na biyu da masu surutun ba sa ko kusantarsa, alhali shi ne zuciyar maganar: mallakar ƙwayar gado daban, karanta ta daban. Ƙwayar halittar idonka da ta hantarka rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, amma kowacce da sashen da take karantawa, sauran a kulle. Duk gidan da ke da mai sikila ya ga wannan da idonsa, ko da ba a yi masa bayani ba. Jaririn da aka haifa da SS yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata shida a fara ganin yatsun hannu da na ƙafa suna kumbura, yana kukan da ba a san dalilinsa ba. Dalilin shi ne a cikin mahaifa jikinsa yana karanta wata ƙwayar gado ta daban da ke ƙera sinadarin jan jini na jarirai. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rufe ta a hankali, ya buɗe ta manya, wadda a wurinsa harafi ɗaya tak ya sauya a cikinta, A ya koma T. Harafi ɗaya cikin biliyoyi, ga shi yana kwantar da yara a asibiti, a Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar masu sikila wajen 150,000 a shekara. Maganin sikila na gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ba wani abu yake yi ba illa ya shiga ƙwayoyin ɓargon majinyaci ya sake buɗe waccan ƙwayar gado ta jarirai. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, ba na talaka ba ne. Amma da za a kawo shi Kano kyauta gobe, na rantse wasu daga cikin masu zagin GMO ne za su fara kai 'ya'yansu layi, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Yanzu ga waken da ake ta tsinewa. Sunansa SAMPEA 20-T, kuma ba daga jirgin ruwa aka sauke shi ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka raine shi, a hannun Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masana daga Ostireliya. An fara gwada shi a killataccen fili a 2009, aka amince da shi a 2019. Shekara goma ke nan, ga masu cewa an yi gaggawa. Abin da aka ƙara masa ƙwayar gado ce daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt. Bakteriyar nan ba baƙuwa ba ce: an san ta tun 1901 a Japan, an fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa tun 1938, kuma har yau masu noman da ke alfaharin ba sa amfani da sinadarai ita suke fesawa a kan kabejinsu.

Furotin ɗin da take ƙerawa yana aiki ne idan ya samu wasu wurare na musamman a bangon hanjin tsutsa da zai maƙale. In ya maƙale sai ya huda hanjin, tsutsar ta daina ci ta mutu. Hanjin mutum ba shi da waɗannan wurare, na akuyar da za ta ci harawar ma haka, ga kuma asid ɗin cikinmu da ke narkar da shi kamar kowane furotin, bayan wutar da waken ya riga ya sha a murhu. Tsabar zaɓensa ma, ko sauran ƙwarin gonar wake bai iya kashewa ba, shi ya sa har yanzu ake cewa manomi ya yi feshi kamar sau biyu. Abin da ya kasa kashe ƙwaron da ke tsotsar kwanson wake, shi ne wai zai kashe maniyyin ƙato mai buhu a ka.

Tsutsar da aka yi shi dominta ita ce maruka, kuma duk wanda ya taɓa noman wake ya san ta ko bai san sunan ba. Ka je gona ka ga wake ya yi fure gwanin sha'awa, bayan kwanaki ka tarar furen ya zube, wanda ya rage an ɗinke shi da wani zare kamar na gizo-gizo, kwanson da ya fito kuma da huji da kashin tsutsa a bakinsa. Tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona in ta yi ƙamari. Da yake a cikin fure da kwanso take ɓoyewa, manomi yakan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Kuma mun san wa ke yin feshin: yaro matashi da famfo goye a baya, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, maganin yana ɗiga ta bayan rigarsa, in ya gama ya wanke famfon a rafin da ake shayar da dabbobi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, to a lissafa yawan irin waɗannan samari.

Nan ne raina ya fi ɓaci. Akwai guba a cikin wakenmu, guba ta gaske wadda aka auna aka gani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya kasuwanninta saboda yawan sinadarin dichlorvos da ke jikinsa, wato abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa buhu don kada ƙwaro ya ci. Turawa suka ƙi, mu muka ci gaba da ci. Waken Samaru ba zai magance wannan ba, don ƙwaron rumbu daban ne da tsutsar gona. Maganinsa buhun nan mai leda biyu a ciki da ke shaƙe ƙwaro ba tare da sinadari ba. Amma ina saƙonnin murya a kan fiya-fiya? Ina zaman majalisa na gaggawa? Duk jarumtar ta ƙare a kan furotin da ba a taɓa nuna ya kwantar da mutum ɗaya ba tun 1996 da aka fara noman amfanin gona mai Bt a Amurka.

Za a ce ai akwai hoton ɓerayen nan da aka ciyar da masarar GMO, masu manyan ƙulluwa a jiki. Daga binciken wani Bafaranshe ne mai suna Séralini na 2012, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2013, saboda ɓerayen sun yi kaɗan kuma irinsu ne da ke yawan yin ƙari da kansu in sun tsufa. Masarar da ya gwada ma ba mai Bt ba ce. Maganar cewa irin ba ya sake tsirowa kuwa, manomi ya ɗebi tsabar SAMPEA 20-T daga girbinsa ya shuka baɗi ya gani da idonsa. Masarar TELA ce ake son a riƙa sayen sabon iri kowace shekara, kuma wannan halin duk masara mai aure ne, GMO ko ba GMO ba, don 'ya'yanta ba sa fitowa da ƙarfin iyayensu. Masanin ilimin gado Mendel ya bayyana dalilin da wakensa na Turawa tun 1865.

Ga masu cewa shiga aikin Allah ne, ina so su leƙa firjin duk mai ciwon suga da ke allura. Tun 1982 ake samun insulin daga bakteriyar da aka dasa wa ƙwayar gadon mutum. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu, yis ne da aka sauya wa ƙwayar gado ke samar da shi. Ko dankalin Hausa da muke soyawa, masana sun gano a 2015 cewa yana ɗauke da ƙwayoyin gadon wata bakteriyar ƙasa da suka shige shi tun dubban shekaru, ba hannun kowa. Irin wannan bakteriyar ce masana ke amfani da ita wajen shigar da saƙon gado cikin tsiro a ɗakin gwaji.

Ba na raina tsoron talaka. Kano ba ta manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mun ga inda irin wannan gudun ya kai mu. A 2003 da wannan kalma ta hana haihuwa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai 2020 aka wanke Afirka daga gare ta. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan a kan kekunansu a bakin titi. Waɗanda aka ɗiga wa maganin kuwa sun girma, sun yi aure, suna ta suna. Mai ilimin da ya san wannan tarihi ya kuma sake ɗauko kalmar nan don ya samu mabiya, ba tsoro ke damunsa ba, kasuwa yake ci.

Abin takaicin shi ne hayaniyar ta danne tambayoyin da ya kamata a riƙa matsa wa hukuma da su. Gaskiya ne ƙwayoyin gadon TELA daga kamfanin Bayer suke, kuma gidauniyar Gates na cikin masu ba da kuɗin aikin. A fito da yarjejeniyar da aka yi da su fili kowa ya karanta, a faɗa mana nawa za a riƙa sayar da irin nan da shekaru masu zuwa. Tsutsa kuma tana iya sabawa da Bt, kamar yadda ta yi a gonakin masara a Afirka ta Kudu da na auduga a Indiya, kuma abin da ke jinkirta hakan shi ne a riƙa shuka wani sashe na irin da ba Bt ba a kusa. Wa zai koya wa manomin Ɗanbatta wannan, alhali malamin gona ya zama abin nema? Wa zai hana mai shagon iri zuba waken kasuwa a leda ya rubuta masa 20-T? Burkina Faso ta bar audugar Bt a 2016 saboda zarenta ya gajarce, farashi ya faɗi, kuma wannan darasi ne na a riƙa gwada iri da kyau kafin a cika gonaki da shi.

Su ma masanan namu suna da nasu kason laifin. Sun yi aikin shekara goma a Samaru, sannan suka tafi otal a Abuja suka yi bayaninsa da Turanci ga mutanen da ba sa noma. Filin da suka bari a rediyon Kaduna da Kano da Katsina shi ne masu saƙon murya suka cike. Su fito da Hausa, a shirin da ake buɗe layin waya, su amsa tambayar haihuwa sau ɗari in ta kama. NBMA ta wallafa sakamakon gwaje-gwajenta yadda ɗan jarida zai iya dubawa, a kuma rubuta a jikin kowace ledar iri abin da ke ciki, wanda ba ya so ya sayi wani. 'Yan majalisar da ke neman abin bincike kuwa, su aika a ɗebo wake daga buhu goma a kasuwar Dawanau a kai ɗakin gwaji a auna fiya-fiyar da ke ciki, su karanta mana sakamakon a zauren majalisa.